Binciken dogon hutu mai alawus: wace ƙofa ce a buɗe ga ɗalibin labarin ƙasa a Kebbi?

Ɗiyar ƙanwata, wadda ke aji uku a jami'a tana karanta labarin ƙasa, ta turo mani wata sanarwa ta WhatsApp bayan sallar isha'i. Hoton wasu matasa ne sun kewaye kwamfuta, taswira ta cika fuskarta. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa ana neman ɗaliban digirin farko su je wata jami'a a Amurka su yi binciken mako goma kan hotunan tauraron ɗan'adam, ga masauki, ga kuɗin tafiya, ga alawus da dala. Sai ga saƙon murya ya biyo baya: "Kawu, don Allah duba mani wagga sanarwa, ta gaskiya ta ko ta 'yan damfara?"

Ta gaskiya ce, sai dai ba tata ba ce. Wanda ya jefa ta zauren 'yan ajinsu bai karanta ta har ƙarshe ba, da ya hutar da su zumuɗin banza. Irin wannan sanarwa kan cika wayoyin ɗalibanmu daga Disamba zuwa Maris, yaro ya ƙona data, ya dami malami da roƙon wasiƙa, a ƙarshe ko amsar ƙi ba za a aiko masa ba, domin tun a shafin farko na'ura ta tace shi. Shi ya sa na ga gara a baje zancen a faifai.

Yawancin sanarwar nan ta wani shiri ce da ake kira REU, wanda hukumar NSF, mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya a madadin gwamnatin Amurka, ta fara a 1987. Malaman wata jami'a ne za su nemi kuɗi daga hukumar don su ɗauki ɗalibai kamar goma daga makarantu daban-daban, su zauna da su mako takwas zuwa goma a lokacin dogon hutu. Kowane ɗalibi a haɗa shi da malami, a yanka masa ɗan yanki na babban binciken da ake yi, a riƙa ba shi abin da ya kai dala 600 zuwa 700 a mako, galibi ban da ɗaki da kuɗin zuwa da komawa. Ranar ƙarshe ya tsaya gaban fosta ya bayyana abin da ya gano, malamai su yi masa tambayoyi. Dalilin biyan kuɗin ba boyayye ba ne. Ɗalibin can da iyayensa ba su da hali yakan yi aikin kanti ko na gidan abinci a hutu don ya tara na makaranta, in ba a biya shi ba ba zai zauna ɗakin bincike ba. Su kuwa suna so ya ɗanɗana binciken, ko ya yi sha'awar zarcewa digiri na biyu da na uku.

To, kuɗin harajin Amurkawa ne, don haka sharaɗin shi ne mutum ya zama ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Layi ɗaya ne, kuma can ƙasa ake rubuta shi. Hukumar NASA ma tana da nata. Akwai SARP, inda ɗalibai ke shiga jirgin bincike su auna iska da ƙasa da teku na mako takwas, shi ma na 'yan ƙasa ne. Akwai DEVELOP, na mako goma, wanda ƙananan rukunoni ke amfani da hotunan taurarin NASA su warware wa wata hukuma ko al'umma matsala. Wannan yakan karɓi baƙi, amma waɗanda ke karatu a makarantun Amurka. Shirin RISE na Jamus na ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ayalan ne. Globalink na ƙungiyar Mitacs a Kanada mako goma sha biyu ne, kuma sai ɗaliban ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su. Wanda ya koyi fara karanta sanarwa daga layin cancanta, kafin ya kalli adadin dala, ya rage wa kansa rabin wahala.

Akwai kuma wani ruɗani da fassara ta jawo. Kafofin labarai sukan kira wannan lokaci na Turawa "bazara", alhali bazararmu Maris zuwa Mayu ce, lokacin da kwalta ke narkewa a Birnin Kebbi. Hutun nasu daga ƙarshen Mayu ne zuwa Agusta, wato tsakiyar daminarmu, lokacin noman farko da maimai. Kalandar jami'o'inmu kuwa ba ta san da wannan ba. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun birkita zangunan karatu, ta yadda a makarantu da dama watan Yuli kan riski ɗalibi yana tsaka da lacca ko jarrabawa. Ko ƙofar ta buɗe, sai an zauna da shugaban sashe an daidaita.

Kafin in zo kan ƙofofin da ke buɗe, bari in faɗi abin da ake yi a irin wannan bincike, domin na lura ɗalibai da yawa sun haddace ma'anar rimot sensin, wato nazarin doron ƙasa daga nesa ta hotunan tauraro, don jarrabawa, amma ba su taɓa buɗe hoto ɗaya da hannunsu ba.

Tauraron ɗan'adam ba ya ganin shinkafa ko gero. Haske yake aunawa. Rana ta haska ƙasa, kowane abu ya shanye wani launi ya mayar da wani, na'urar da ke sama ta rubuta adadin abin da ya dawo. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana kuma mayar da wani haske da ke gaba da ja kaɗan, wanda idon mutum ba ya gani. In ka cire adadin ja daga adadin wancan, ka raba da jimillarsu, ka sami awon da ake kira NDVI, wanda ke tsakanin -1 da 1. Ruwa yakan faɗa ƙasa da sifili, faƙo da tsandauri su tsaya kusa da sifili, gona mai duhun ganye ta haura 0.6. Wannan ɗan lissafi, da ɗan sakandare zai iya yi, shi ne ginshiƙin bincike masu yawan gaske kan noma da fari da kwararar hamada.

Hotunan kuma kyauta ne, kuma wannan ne abin da ya sauya komai. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, ta riƙa sayar da hotunan da tsada, sai a 2008 aka buɗe rumbun ga kowa. Kowane ɗigo a hoton Landsat fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, kuma tauraro ɗaya kan dawo wuri bayan kwana 16. Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 in aka haɗa su, kwana takwas ke nan. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka fara harbawa a 2015, ɗigonsa mita 10 ne, yana dawowa duk kwana biyar. Bambancin ba ƙarami ba ne a ƙasar da gonaki ke da ƙanƙanta. Hekta ɗaya ɗigo 11 ce kacal a Landsat, a Sentinel-2 kuwa ɗigo 100. Gonar talaka da ba ta kai rabin hekta ba, ga gero ga wake a tsakanin kunya, ga gawo a tsakiya, a Landsat duk sun cakuɗe sun zama launi ɗaya.

Sai matsalar gajimare. Lokacin da muka fi bukatar hoto, wato Agusta da Satumba sa'ad da Gulbin Rima da na Sakkwato da Neja ke tumbatsa, shi ne lokacin da hadari ke rufe sama. A nan Sentinel-1 ke shigowa. Shi ba ya jiran rana, yakan aiko da nasa igiyoyin na rada su keta gajimare, dare ko rana, ya saurari abin da ya dawo. Ruwan da ke kwance santsi gare shi kamar madubi, sai ya karkatar da igiyoyin can gefe, saboda haka a hoto yakan fito baƙi wuluk. Ka ɗauki hoton kafin ambaliya da na bayanta ka gwada, inda ya koma baƙi nan ruwa ya ci. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta shafe dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa daga Augie da Argungu har Suru da Bagudo, ya san amfanin a ce ga iyakar inda ruwa ya kai, ba ƙiyasin baki ba. Hotunan wannan shekara suna nan a ajiye, ko yau ana iya buɗe su.

Ga inda nake so ɗalibanmu su buɗe kunne. Mai bincike a Turai ko Amurka yana da kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa, amma in ya ga kore shar a fadamar Kebbi cikin Fabrairu, bai san ko shinkafar rani ba ce, ko albasa irin ta Aliero, ko rake, ko ciyawar burugu a bakin tafki. Manhajar da yake horarwa ta rarrabe amfanin gona sai an ciyar da ita da misalai: wannan ɗigo shinkafa ne, wancan albasa, kuma sai wani ya taka da ƙafarsa ya tabbatar. Irin waɗannan bayanai na ƙasa sun yi ƙaranci ƙwarai a yankinmu. Yaron da ya tashi yana kai wa mahaifinsa abinci gona a Bunza, ya san lokacin dashe da lokacin yanka, ya san gonar da ake ba ruwa da injin da wadda ke jiran ambaliya, yana riƙe da abin da tauraro ba ya bayarwa. Sai dai mu kanmu ba mu ɗauke shi ilimi ba, shi ya sa ba ya shiga takardun neman gurbi.

Yanzu ƙofofin. Wadda na fi nuna wa ɗiyar tawa ita ce ta jami'ar KAUST da ke Thuwal, a bakin Bahar Maliya arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009. Shirinta na ɗalibai baƙi, VSRP, yana karɓar 'yan aji uku da huɗu da masu digiri na biyu daga kowace ƙasa, wata uku zuwa shida, da tikitin jirgi da masauki da inshorar lafiya da dala 1,000 a wata. Suna son maki kamar 3.5 bisa 4, kuma namu bisa 5 ake aunawa, don haka kowa ya rubuta nasa tare da ma'auninsa, kada ya juya shi da ka. A can akwai rukunin Farfesa Matthew McCabe, da ke amfani da taurari da jirage marasa matuƙi wajen auna ruwan da gonaki ke sha a ƙasa mai fari, tambayar da ba baƙuwa ba ce ga mai noman rani. Wani abu kuma da ba a rubuta shi a sanarwa: uban da zai yi jinkirin barin 'yarsa ta tafi Amurka, in aka ce Saudiyya ce, kusa da Makka, zancen yakan zo da sauƙi.

Caltech a Amurka tana da SURF, na mako goma, wanda ɗaliban waje ke iya nema. Wahalarsa ita ce sai ka fara samun malamin da ya yarda ya ɗauke ka, ku tsara abin da za a bincika tare, sannan ka miƙa a Fabrairu. Ga kuma biza, wadda ta ƙara tsauri ga 'yan Najeriya tun 2025. Ban hana kowa gwadawa ba, amma ba zan ce a ɗora buri a kai ba.

Waɗanda suka fi kusa da hannu su ne na zaman gida. Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana biyan mai shekara 18 zuwa sama ya yi wa wata manhajar kyauta aiki na kimanin mako goma sha biyu ƙarƙashin jagora, daga duk inda yake. Gidauniyar OSGeo, uwar manhajojin taswira irin su QGIS da GRASS, ta daɗe tana shiga. Kuɗin ya danganta da girman aiki da ƙasar da mutum yake, mafi ƙaranci dala 1,500 ne ga matsakaicin aiki, 3,000 ga babba. Akan bayyana ƙungiyoyi a Fabrairu, a karɓi takardu daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Outreachy ma daga gida ake yi, wata uku, dala 7,000, kuma an kafa shi ne don waɗanda ba a cika ganinsu a harkar fasaha ba, ciki har da mata. Amma a faɗi gaskiya, waɗannan biyu rubuta manhaja suka fi karkata a kai. Wanda bai iya Python, harshen rubuta manhaja, ba sai ya fara da ita, kuma ba ranar cike fom ake zuwa ba. Masu zaɓe sukan fifita wanda suka riga suka ga ya gyara ɗan kuskure ko ya amsa tambaya a dandalinsu watanni kafin nan.

A gida Najeriya babu wani shiri na ƙasa mai kama da REU. Abin da muke da shi SIWES ne, shirin koyon aiki na ɗalibai wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa a 1973, wata shida ga ɗaliban jami'a da yawa, da alawus da aka daɗe ana biya na naira 2,500 a wata, kuɗin da ba zai sayi datar mako biyu ba ga mai sauke hotuna. Duk da haka wata shidan nan dukiya ce in an zaɓi wuri da hankali. Hukumar sararin samaniya ta NASRDA, da aka kafa a 1999, wadda ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, tana da cibiyar rimot sensin ta ƙasa a Jos. Akwai cibiyar koyar da taswira ta AFRIGIST a Ile-Ife, akwai NiMet ta yanayi da NIHSA mai hasashen ambaliya, akwai eHealth Africa a Kano wadda ta yi fice da taswirar ƙauyuka a yaƙi da shan inna, akwai cibiyar noman ƙasa mai fari ta Jami'ar Bayero. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da ke bin diddigin damina da amfanin gona a Sahel tun 1974, ta fi Abuja kusa da mutumin Kamba, sai dai Faransanci ne harshen aiki. Nan cikin jiha ma, Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dashen itatuwa don tare hamada, suna kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700, ayyukan da ba sa tafiya sai da taswira. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibin da zai nemi ofishin da ya fi kusa da gida, ya sa hannu da safe ya koma, wata shida su wuce littafin rahotonsa cike da "na lura da yadda ake aiki".

Kowace ƙofa ka nufa, tambaya ɗaya ce ke jiranka: me ka taɓa yi? Takardun da ke cewa "ina da sha'awar kare muhalli tun ina yaro" ɗaruruwa ne a gaban mai zaɓe. Wadda za ta ce "na gwada faɗin noman rani a fadamar Argungu kafin ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 da bayansa, na taka gonaki arba'in don tabbatarwa, ga taswirar, ga inda manhajar ta ɗauki albasa a matsayin shinkafa" ita ce za a karanta sau biyu. Faɗin inda aka yi kuskure ma daraja ce, domin shi ke nuna mutum ya yi aikin da kansa. Ɗan Zamfara yana da nasa: yadda faɗin ruwan madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ke ƙaruwa da raguwa shekara bayan shekara, ko yadda ramukan haƙar zinariya suka yaɗu a Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010. Wannan na biyun daga kan kwamfuta za a yi shi. Kada wani ya ɗauki waya ya nufi daji don tabbatar da ɗigo a halin da ake ciki, kuma kada a wallafa ainihin wurin ƙauye ko ramin wani a intanet.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin mai laftof ɗin aro ba. QGIS kyauta ce. Google Earth Engine kyauta ne ga karatu da bincike, kuma alherinsa ga mai tsadar data shi ne lissafin a kwamfutocinsu ake yi, sakamakon kawai ke saukowa. Digital Earth Africa ta shirya hotunan nahiyar nan da darussa, NASA tana koyarwa kyauta ta ARSET, rumbun CHIRPS kuma yana da ƙiyasin ruwan sama tun 1981. Wuta da intanet dai su ne abokan gaba, sai a koyi aikin dare.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke kayar da mutane. Wasiƙar malami sai an nema da wata guda a gaba, a kai masa taƙaitaccen bayanin shirin da aikin da aka yi, domin da yawan malamanmu suna koyar da ɗaruruwa, ba su riƙe fuskar kowa ba. Takardar sakamakon jarrabawa da fasfo a fara nemansu tun Oktoba. Shirin da ya ce a biya kuɗin fom ko na "tabbatar da gurbi" ta asusun wani mutum, a rufe shafin. Cikin duk waɗanda na ambata babu mai karɓar kobo a hannun mai nema.

Ɗiyar tawa ta yi shiru kwana biyu bayan na yi mata wannan dogon bayani, har na ɗauka ta yi fushi. Ran Juma'a sai ga hoton fuskar laftof, fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ta fito ja da kore, gulbi ya ratsa ta baƙi. Ta zagaye wani wuri da jan layi ta rubuta: "Kawu, nan ba shinkafa ba ta, gonar rakensu Baba ta. Amma manhajar ta ce shinkafa." Na ce ta rubuta ranar hoton da lambar wurin a littafi, in ta je gida hutu ta zaga da wayarta a buɗe ta ɗauko wasu talatin.